Yadda Ake Mayar Da Hoto Ya Koma Kamar 'Yar Tsana Mai Laushi

Ranar sunan ɗan ƙanwata a Agege, Legas, kowa sai ya tsaya kallon katin gayyata. Yayar jaririn ce a jiki, an mayar da ita 'yar tsana ta yadi, kumatu cike kamar an ɗura audugar rimi, ɗankwalinta a ka. A wayata na yi shi da ƙirƙirarriyar basira, kuma tun ranar ake tambayata yadda ake yi.

Fara da zaɓen hoto. Nemi wanda aka ɗauka da rana, fuska a fili, mutum ɗaya. Hoton dare da hasken janareto ba ya fitowa da kyau. In hoton ɗan wani ne, nemi izinin iyayensa tukuna, domin hoton zai bar wayarka ya shiga kwamfutocin kamfani.

Sai ka buɗe manhaja. ChatGPT ta kamfanin OpenAI, wadda aka ƙara wa ƙarfin haɗa hoto a watan Maris na 2025, tana yi. Gemini ta Google ma haka. Dukansu suna ba da damar gwaji kyauta, sai dai akwai iyakar hotunan da za ka iya yi. Ɗora hoton.

Nan ne aikin yake: umarnin da za ka rubuta. Masu cewa "mayar da shi 'yar tsana" kawai, abin roba mai sheƙi sukan samu. Yi wa manhajar bayani yadda za ka yi wa tela. Faɗi yadin, karammiski ne ko ulu. Faɗi cewa ɗinkin ya fito a gefen hannu, idanu su zama maɓallai baƙaƙe, kai ya ɗan fi jiki girma. Ga irin nawa: "Mayar da yarinyar nan 'yar tsana ta karammiski mai cike da auduga, ɗinki a bayyane, idon maɓalli. Bar launin fatarta da atamfarta yadda suke. Zaunar da ita a kan tabarma, haske mai taushi." Da Hausa ma tana ganewa, in ta kauce, maimaita da Turanci.

Maganar launin fata kada ka bar ta. Manhajojin nan sukan haska yaro, su mayar da hular zanna wata hular sanyi. A gare ni, in yaro bai gane kansa a hoton ba, aikin bai yi ba. In ta ɓata wani abu, kada ka sake daga farko. Ce mata "gyara hular kawai, bar sauran". Gyara ɗaya a lokaci ɗaya.

Abin da zai fito a bayan 'yar tsanar kuma zaɓinka ne. Na taɓa sa danfo, bas ɗin hayar Legas mai ruwan ɗorawa, shi ma na yadi, ya yi kyau matuƙa.

Rubutun suna da kwanan wata kada ka ba manhajar, takan ɓata ƙ da ɗ. Rubuta su da kanka a Canva, manhajar tsara kati. In za ka kai wa masu buga kati a Shomolu, tura hoton ta WhatsApp a matsayin fayil, don kada ya dusashe, kuma ka ce su buga gwaji guda ka gani kafin sauran.