Plug-in a Eclipse: rubuta abin da kake buƙata a inda ya dace

Kod ɗinka fes, babu jan layi ko ɗaya, amma da ka kunna plug-in ɗin sai NoClassDefFoundError ya tare ka. Yawanci musabbabin ɗaya ne: an bi ta Build Path an cusa fayil ɗin jar, kamar yadda aka saba a aikin Java na yau da kullum. A nan wannan dabara ba ta ci. Eclipse, manhajar rubuta kod, tun sigarsa ta 3.0 da ta fito a 2004 aka ɗora shi kan tsarin OSGi, inda kowane plug-in yake zaune kamar ɗan haya a ɗakinsa, ba ya taɓa kayan maƙwabci sai wanda ya nema a rubuce cikin META-INF/MANIFEST.MF.

Ni kafin in taɓa wannan fayil, Target Platform nake fara gyarawa, wato jerin plug-in ɗin da za a gina aikinka da su. Idan ka bar shi yadda ya zo, da plug-in ɗin da ke cikin Eclipse na kwamfutarka za a gina aikin. Eclipse kuwa sau huɗu yake fitowa a shekara, Maris, Yuni, Satumba da Disamba, don haka da wuya naka ya zo ɗaya da na abokin aikinka. Daga nan ake fara gardamar "ai a wajena yana aiki". Ka buɗe fayil mai ƙarshen .target, ka sa adireshin rumbun p2 (inda Eclipse ke sauko da plug-in) na siga guda takamaimai, ba wanda ke canjawa da kowace fitowa ba. Danna Set as Active Target Platform, sannan ka tura fayil ɗin Git kowa ya ɗauka.

Yanzu sai shafin Dependencies na MANIFEST.MF. Hanya biyu ce. Require-Bundle na kiran plug-in da sunansa, ya ba ka duk abin da ya fitar. Import-Package kuwa kunshin da kake so kawai yake ambata, ko wa ya kawo shi. Kayan Eclipse na asali irin su org.eclipse.ui da org.eclipse.core.runtime, Require-Bundle nake musu. Na waje, irin slf4j, Import-Package ya fi mini, don ko an sauya mai kawo shi gobe ba ruwana.

Wurin da ake yawan sakaci shi ne lambar siga. In ka rubuta bundle-version="3.0.0", ba 3.0.0 kaɗai ka nema ba. Cewa ka yi daga nan zuwa sama duk ka yarda, har da 4.0 wadda ƙa'ida ta ba ta damar karya abin da ka dogara da shi. Rubuta "[3.0.0,4.0.0)". Baka mai kusurwa na nufin har da lambar, mai lanƙwasa kuma ban da ita. Amma kada ka matse iyakar har ƙaramin gyara ya kasa shiga. Reexport kuwa, wato miƙa abin da ka nema ga duk plug-in da ya dogara da naka, ina guje masa sai dole, domin yana ɗora wa na bayanka kayan da bai nema ba. Haka duk kunshin da ka ga kalmar internal a sunansa: Eclipse zai ja kunnenka da Discouraged access, kuma da gaskiyarsa, masu shi na iya canja shi ba sallama.

In duk da haka plug-in ya ƙi tashi, kada ka yi ta lalube. Shiga Run Configurations, danna Validate Plug-ins, sannan Add Required Plug-ins. Bai warware ba? Ƙara -console a Program arguments, ka sake kunnawa, ka buga ss a tagar Console don ganin jerin plug-in da lambar kowanne da matsayinsa. Duk wanda ka gani a INSTALLED bai kai RESOLVED ba, akwai abin da ya rasa. Buga diag da lambarsa, zai nuna maka layin Unresolved requirement da sunan abin. Sau da yawa wanda ya ambata ma wani yake jira, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka kai na ƙarshe.

In da Maven kuke gini, a nuna wa Tycho, kayan Maven na gina plug-in ɗin Eclipse, wannan fayil ɗin .target, kada a buɗe wani jeri daban a pom.xml.