Yadda za ka zaɓi masana'antar da za ta ƙera maka kayan tsohuwar roba

Kafin ka kama hanyar Ningi daga Bauchi zuwa Kano neman masana'anta, ka tsayar da abu ɗaya da za ka fara sayarwa a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, domin kayan ne ke nuna injin da ake bukata. Bokiti, baho da kujera na injin da ke tura narkakkiyar roba cikin mazubin ƙarfe mai siffar kayan ne. Jarka da buta kuwa hura su ake yi da iska, bututu da leda kuma zaro su ake yi. Masana'antar da ta ƙware a bokiti ba lallai ta iya jarka ba. A Sharaɗa, Challawa da Bompai za ka samu masu irin waɗannan injuna, amma ka je da ƙafarka lokacin da ake aiki, kada ka gama magana a waya.

Abin da ya fi kashe sabon jari shi ne gaurayen roba. Duba lambar da ke gindin kaya: 1 ita ce PET ta gorar ruwa, 2 HDPE ta jarka, 3 PVC ta bututu, 4 LDPE ta leda, 5 kuma PP wadda aka fi yin bokiti da kujera da ita. HDPE tana narkewa a wajen digiri 130, PP a wajen 165, PET sai an kai kusan 250. Saboda haka gutsuren PET da ya faɗa cikin PP ba ya narkewa, sai ya toshe bakin inji ko ya maƙale a jikin bokiti, daga nan tsaga ke farawa. PVC ta fi muni, in ta yi zafi tana fitar da hayaƙi mai cin ƙarfen mazubi. Gwajin bai da wahala: ɗebi niƙaƙƙiyar robar daga tsakiyar buhu, ba daga sama ba, ka zuba a bahon ruwa. PP da HDPE suna tasowa, PET da PVC suna nutsewa. Ka kuma tambaya yadda suke wankewa da busarwa, don roba mai danshi tana barin kumfa da farin zane a jikin kaya.

Akwai wata dabara da ya kamata ka sani. Wasu suna ƙara garin farar ƙasa don rage kuɗi. Kaɗan ba laifi, amma in ya yi yawa kayan zai yi nauyi a hannu, mai saye ya ɗauka inganci ne, alhali da ya faɗi sai ya fashe. Yanki ɗan guntu daga samfurin ka jefa a ruwa. In an ce PP ce kuma ta nutse, an cika mata gari.

Sai maganar mazubi, wanda ma'aikata ke kira mol. Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce amfani da wanda masana'anta take da shi, a manna tambarinka. In ka dage sai naka, ka sani shi ne zai ci kaso mafi girma na jarinka, don haka a rubuta cewa mallakarka ne, ba za a buga wa kowa kaya da shi ba, kuma kana iya ɗauke shi duk ranar da ka so. Ka tabbatar girmansa zai hau injin wata masana'antar, in ba haka ba ka ɗaure kanka da igiyar da ka saya da kuɗinka.

Kada ka yi ciniki a kan farashin guda ɗaya kawai. Yi shi a kan nauyi. Karɓi samfuri goma daga cikin aikin da ke gudana, ka auna kowanne a sikeli, a rubuta giram ɗin da aka amince da shi da iyakar abin da zai iya raguwa. Samfuri biyu ku sa musu hannu, ɗaya wurinka ɗaya wurinsu. Cika bokiti da ruwa ka ɗaga da mariƙinsa, ka sake shi daga tsayin ƙugu, sannan ka bar wani a rana mako biyu ko uku. Ranar Bauchi ba ta raga wa roba, shi ya sa baƙin launi ya fi daɗewa: sinadarin baƙin yana kare ta daga hasken rana. Tsohuwar roba dama ba ta ba da fari ko launi mai haske sosai.

In kai za ka kawo robar daga wurin 'yan jari-bola, a auna ta a gabanka, a kuma amince tun farko kilo nawa zai tafi a datti da wanki. Tambayi ko suna da janareta mai ɗaukar injin, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana jawo kayan da ba su cika ba. Nemi takardar rajistarsu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da shaidar ingancin kaya ta MANCAP daga SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki.

Fara da ƙaramin oda, ka ba da kafin alƙalami, ragowar sai ka duba kaya kafin a loda. Bokiti da baho suna shiga cikin juna, kuɗin motarsu zuwa Bauchi da sauƙi. Jarka kuwa iska kake biya wa mota. Robar da ba ka san asalinta ba kada a yi mazubin abinci ko na ruwan sha da ita, don a cikinta ana iya samun jarkokin maganin feshi da na baƙin mai.