Yadda Ake Ƙara wa Kwamfuta Ƙarfi Don Wasan Gem Ba Tare da Kashe Kuɗi Mai Yawa Ba

Da yawa daga cikin matasan da ke buga gem a Sakkwato, tun daga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har zuwa masu ƙananan shagunan wasa a cikin unguwanni, ba sabuwar kwamfuta ce a hannunsu ba. Ta hannu ce, wadda ta gama aikin ofis a Turai ko Amurka kafin ta iso nan, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. Irin wannan kwamfuta tana iya ɗaukar wasanni kamar GTA V da eFootball da EA Sports FC idan aka ƙara mata abin da ya dace, amma tun da kayan kwamfuta dala suke bi, kuskure ɗaya wajen saye yana iya cinye tarin wata da watanni. Abin da ya fi jawo asara shi ne mutum ya fara da sayen katin hoto, wato GPU, sashen da ke zana hotunan wasa a allo, alhali bai san ko a nan matsalar take ba, bai kuma san ko kwamfutar tasa za ta iya ɗaukarsa ba.

Mataki na farko: ka san abin da ke hannunka

Kafin a yi maganar kasuwa, ka sauke manhajojin CPU-Z da GPU-Z, waɗanda kyauta ne, ka rubuta sunan firosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta) da sunan madabod (babban allon da dukkan sassa ke haɗuwa a kansa) da nau'in RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta) da yawansa a takarda. Bayan haka ka kashe kwamfutar, ka zare ta daga wuta, ka buɗe akwatin, ka karanta takardar da ke manne a jikin fawa-fak (sashen da ke raba wa kwamfuta wuta) domin ka ga wat nawa yake bayarwa, sannan ka lura ko akwatin babba ne ko siriri. Wannan takarda ita za ka riƙa nuna wa mai shago, domin kowane saye da zai biyo baya a kanta zai dogara.

Daga nan sai ka kunna wasan da ya fi ba ka wahala, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, ka duba ɓangaren da ke nuna aikin kowane sashe. Idan katin hoto yana kusa da kashi 100 cikin 100 alhali firosesa tana hutawa, to katin ne ya gaza. Idan RAM ya cika maƙil kuma wasan yana tsayawa yana ci gaba, to RAM ne. Idan wasan yana ɗaukar dogon lokaci kafin ya buɗe, ko gine-gine da tituna suna bayyana a makare, to faifan ajiya ne. Idan kuwa firosesa ce ke cika, katin hoto kuma bai wuce rabi ba, to sayen sabon kati ba zai ƙara maka komai ba sai ɓacin rai.

Mai laftof ya sani cewa abin da zai iya canzawa bai wuce RAM da faifan ajiya ba, kuma a wasu sirarun laftof ɗin RAM ɗin ma a like yake da madabod. Katin hoton laftof ba ya canzuwa, duk wanda ya ce maka zai canza shi a farashi mai sauƙi, ka riƙe kuɗinka.

Mataki na biyu: zafi da ƙura da wuta

Wannan mataki kusan kyauta ne, kuma a ganina a Sakkwato ya fi kowane muhimmanci. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin gari yakan haura digiri 40, kuma kafin nan hunturu ya riga ya cika fankoki da ƙura. Firosesa da katin hoto an ƙera su ne su rage wa kansu gudu da zarar zafinsu ya yi yawa domin kada su ƙone. Firosesa kan fara yin haka idan ta kusanci digiri 95 zuwa 100, katunan hoto da yawa kuma tun daga wajen digiri 83 zuwa sama. Saboda haka kwamfutar da ke fara wasa lafiya lau, amma bayan minti goma sha biyar ta soma sarƙewa, sau da yawa ba rashin ƙarfi ke damunta ba, numfashi ne ta rasa. Ka duba zafin da manhajar HWMonitor yayin da wasa ke gudana. Idan ya yi yawa, ka fitar da akwatin tsakar gida, ka hure ƙurar da bulowa kana riƙe da fankokin da yatsa domin kada su juya da ƙarfin da zai lalata su, sannan ka goge busasshen man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyayata, ka ɗiga sabo kamar girman ƙwayar wake. Kada a ajiye kwamfutar a ƙasa kan darduma ko a matse ta da bango, kuma fanka ɗaya da za a ƙara a bayan akwati tana fitar da iska mai zafi ta fi kuɗinta amfani.

Sai batun wuta. Ɗaukewa da kawowa ba zato, da wutar da ke zuwa ƙasa-ƙasa ko ta wuce kima, da sauyawa daga layin Nefa zuwa janareta, duk suna gajiyar da fawa-fak, kuma idan ya mutu yana iya tafiya da madabod. Saboda haka a ware kuɗin sitabilaiza ko UPS a cikin lissafi tun farko. Akwai kuma wani ɗan jan makunni a bayan wasu tsofaffin kwamfutocin da suka zo daga Amurka, mai ɗauke da lamba 115 da 230. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce, kuma idan aka jona kwamfutar makunnin yana kan 115, fawa-fak ɗin zai fashe nan take. Masu amfani da sola da inbata su ma su yi lissafi, domin kati mai cin wat 180 zai shanye batir da wuri fiye da mai cin wat 75.

Mataki na uku: RAM da SSD

Waɗannan biyu, wato RAM da SSD (sabon nau'in faifan ajiya mai sauri, maras juyawa), su ne mafi araha, kuma su ne canjinsu ke bayyana nan da nan. Gigabait 8 na RAM shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a yi wasa da shi a yanzu, 16 kuma shi ne inda hankali ke kwanciya. Wuce haka ga mai ƙaramin ƙarfi ɓarnar kuɗi ce. Nau'o'in RAM, wato DDR3 da DDR4 da DDR5, ba sa shiga gurbin juna, domin tsagar da ke jikin kowanne a wuri dabam take, haka kuma na laftof gajere ne, na kwamfutar tebur dogo. Firosesar Intel ta ƙarni na huɗu, alal misali, da DDR3 take aiki, ta ƙarni na takwas kuma da DDR4. Abin da mutane ke yawan mantawa shi ne sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, saboda madabod yana karanta biyun a lokaci guda. Bambancin ya fi fitowa ga wanda ba shi da katin hoto na dabam, domin sashen hoton da ke cikin firosesa daga RAM yake aron wurin aiki.

SSD ba zai ƙara yawan hotunan da wasa ke nunawa a daƙiƙa ba, amma zai rage jira ƙwarai. Tsohon had-disk mai juyawa yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD irin na SATA yana kaiwa wajen 550, na NVMe kuma yana haura 3,000. A wajen wasa tazarar da ke tsakanin SATA da NVMe ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba, don haka idan madabod ɗinka ba shi da gurbin M.2 da ake soka SSD na NVMe a ciki, kada ka damu. Ka sayi mai gigabait 512 idan hali ya yi, ka ɗora Windows da wasannin da ka fi bugawa a kai, tsohon faifan kuma ya zama ma'ajiya.

Mataki na huɗu: katin hoto da wutar da zai ci

Nan ne mafi yawan kuɗin zai tafi, kuma tambayoyi uku ne za su jagorance ka: zai shiga akwatin, fawa-fak zai ɗauke shi, kuma firosesa za ta iya tafiya da shi?

Gurbin PCIe da ake soka kati a ciki yana bayar da wat 75 ne kawai. Duk katin da ke buƙatar fiye da haka sai an jona masa waya daga fawa-fak, mai baki shida da ke ƙara wat 75, ko mai baki takwas da ke ƙara 150. Sirarun kwamfutocin ofis galibi fawa-fak ɗinsu bai wuce wat 180 zuwa 255 ba, ba su da waɗannan wayoyi, kuma a yawancinsu ba a iya sauya shi da na kasuwa domin kamfanin ya yi masa siffa da mahaɗa irin tasa. Mai irin wannan kwamfuta zaɓinsa ya taƙaita ga gajerun katuna marasa buƙatar waya: GTX 1050 Ti na 2016, ko GTX 1650 na 2019 wanda ya fi shi ƙarfi sosai, ko RX 6400 na 2022, dukansu masu gigabait 4. RX 6400 yana da ƙarancin cin wuta, sai dai yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa a tsofaffin madabod masu PCIe 3.0, saboda haka a tsohuwar OptiPlex na fi karkata ga GTX 1650.

Mai babban akwati da fawa-fak na gama-gari yana da sarari. RX 580 mai gigabait 8, wanda ya fito a 2017, yana da araha kuma har yanzu yana ɗaukar wasanni da yawa a kan allo mai 1080p, amma yana cin wajen wat 185 kuma yana fitar da zafi, abin da ba ƙaramin lamari ba ne a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska. GTX 1660 Super yana cin wat 125, RX 6600 na 2021 kuma yana cin 132 tare da ƙarfin da ya zarce su duka biyun nesa ba kusa ba, don haka wanda zai iya ƙara haƙuri ya tara kuɗinsa ya fi dacewa. Waɗannan katuna suna buƙatar fawa-fak na gaske mai wat 450 zuwa 550 daga kamfanin da aka sani, kamar Corsair ko Seasonic ko Cooler Master. Fawa-fak maras suna, wanda aka rubuta masa wat 600 amma a hannu ba shi da nauyi, shi ne inda karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi tabbata, domin idan ya tashi ƙonewa ba shi kaɗai yake tafiya ba.

A kula da wani tarko: yawan gigabait ba shi ne ƙarfin kati ba. GT 710 ko GT 730 da aka rubuta wa gigabait 4 bai kama ƙafar GTX 1050 Ti ba, kuma GT 1030 iri biyu ne, mai ma'ajiyar GDDR5 da mai ma'ajiyar DDR4 wanda ya yi ƙasa da shi sosai duk da sunansu ɗaya.

Mataki na biyar: firosesa

A bar wannan sai ƙarshe, domin canza ta kan jawo canjin madabod da RAM. Sai dai wanda ke da Core i3 na Intel na iya komawa i5 ko i7 na ƙarni ɗaya ba tare da taɓa sauran kaya ba. Masu madabod na AMD mai gurbin AM4 sun fi kowa sa'a, tun da gurbin ya ɗauki firosesocin Ryzen daga jerin 1000 har zuwa 5000, kuma sau da yawa sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, kawai ake buƙata kafin a saka Ryzen 5 5600. A tuna kuma cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana farawa ne daga Intel ƙarni na takwas da Ryzen 2000, saboda haka zuba kuɗi mai yawa a kan kwamfutar ƙarni na uku ko na huɗu ba dabara ba ce.

Mataki na shida: saye da gwaji

Ƙananan kaya kamar RAM da SSD ana samun su a shagunan cikin gari, amma katin hoto sau da yawa sai an yi odarsa daga Kano ko daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, a saka shi a mota. Idan haka ne, ka nemi mai sayarwa ya turo bidiyon katin yana aiki, GPU-Z a buɗe, lambar jikin katin kuma tana bayyane, sannan ku yi yarjejeniya a rubuce kan kwanakin da za ka iya mayarwa. Akwai katunan jabu da ake sauya wa suna, kuma GPU-Z kan tona wasunsu. Akwai kuma waɗanda suka yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana, waɗanda suka cika kasuwa bayan kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da haƙa a watan Satumba na 2022. Ba dukansu ne matattu ba, amma fankokinsu sun gaji. Idan a gabanka ake sayarwa, ka sa a kunna wasa ko manhajar gwajin kati ta FurMark na tsawon minti ashirin, kana lura da zafi da ƙarar fanka da duk wani layi ko ɗigo mai launi da zai bayyana a allo. SSD na hannu kuma a duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo kafin a biya.

Mataki na bakwai: haɗawa

Ka zare wayar wuta, ka danna makunnin kwamfutar na ɗan lokaci domin ragowar wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki kowane sashe, musamman a lokacin hunturu da busasshiyar iska ke tara lantarki a jiki. Ka saka abu ɗaya, ka kunna ka gwada, kafin ka saka na gaba, domin idan matsala ta taso ka san daga ina take. Idan madabod yana da gurbin RAM huɗu, sanduna biyun galibi a na biyu da na huɗu ake saka su. Bayan saka katin hoto, wayar monita a jikin katin za a jona ta, ba a jikin madabod ba, sannan a cire tsohuwar direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ta amfani da manhajar DDU, a sauke sabuwa daga shafin Nvidia ko AMD, gara da dare lokacin da data ta fi sauƙi. A cikin wasan kuma ka fara rage ingancin inuwa da hasken da ke haskawa a jikin abubuwa, domin su suka fi cin ƙarfi, ka kunna FSR, wato fasahar AMD da ke rage wa kati nauyin aiki, idan wasan yana da shi tun da yana aiki a katunan AMD da na Nvidia duka, sannan ka sake buɗe HWMonitor ka tabbatar zafin katin bai haura digiri 85 ba bayan awa guda ana wasa.