Darasi na Tara: Mikin Yaro Idan Ya Fara Yin Baƙi

Iyaye mata da maza, kun san fumfunar da ke fitowa a kan burodi ko tuwo idan ya kwana biyu. Akwai wata irinta da ke zaune cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, wadda kan shiga jiki ta ƙuna ko ta rauni. Likitoci suna kiran cutar mukomaikosis. Ba kasafai ake samunta ba, kuma wani ba ya ɗauka daga wani, amma idan ta shiga, tana toshe jijiyoyin jini, sai naman wurin ya mutu ya yi baƙi cikin 'yan kwanaki. Ta fi kama bakwaini, da mai tamowa, da mai ciwon suga, da yaron da ya ƙone. A shekarar 2021 ta kama dubban mutane a Indiya lokacin annobar korona.

Ga aikinku idan yaronku yana da miki. Ku wanke hannu da sabulu, ku buɗe bandejin, ku kai yaron inda akwai haske, ku dubi mikin. Ku ɗauki biro ku zagaye iyakar jan da ke gefensa, a kan lafiyayyar fata, kada biron ya taɓa mikin. Gobe ku sake buɗewa ku duba. Idan jan ya tsallake layin, ko tsakiyar ta yi baƙi ta bushe, asibiti za ku a ranar.

Nan ne mafi yawanku kuke tuntuɓe, saboda haka mu maimaita. A buɗe, a duba, kullum. Wadda ba ta saba riƙe biro ba kada ta ji kunya, da'ira ce irin wadda muka koya a harafin O. Har ƙarƙashin filasta a ɗaga a duba, domin cutar kan fara a nan.

Amma haba jama'a, sau nawa za a faɗa? Wasu suna ganin baƙin su ce ɓawon warkewa ne, su ƙara toka ko kashin shanu. Wannan ganganci ne! Kuna zuba wa ɗanku cutar da hannunku.

Darasi na Goma: A asibiti

Maganin shafawa na kemis ba ya kashe ta. Likita zai yi tiyata ya cire mataccen nama, ya ba da maganin kashe fumfuna mai suna amfoterisin B ta jijiya. Ku amince, kada ku gudu da yaron.

Aikin gida: ku rubuta “buɗe” da “duba” sau biyar.