Yadda za ka bi sawun BIOS ka gane inda kwamfutarka ta maƙale

To malam, kafin ka ɗauko sukuddireba ka fara warware kwamfutar tebur ɗinka don ta ƙi tashi, tsaya tukuna ka san abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙun nan daga danna maɓalli zuwa fitowar tambarin Windows, saboda aikin a jere yake tafiya, in ka san jerin to inda ta tsaya shi zai nuna maka mai laifin.

Da wuta ta shiga, furosesa ba ta san komai ba, ram ma fanko ce, abu ɗaya aka gina ta a kai: ta je adireshin FFFFFFF0 ta karanta umarnin farko, shi kuwa adireshin nan yana kaiwa ne ga wani ɗan cif da ke manne a madabod inda BIOS, wato manhajar farko mai tada kwamfuta, ko sabon salonsa UEFI ke zaune. Sai a shiga gwajin kai da kwamfuta ke yi in an kunna ta, wanda ake ce wa POST, a duba furosesa, ram, katin hoto. Kowane sandan ram yana da ɗan cif nasa, SPD, mai faɗin girmansa da gudunsa, shi BIOS ke fara karantawa. Don haka in fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, kashe wuta, ciro ram ɗin duka, goge haƙoransu, ka mayar da guda ɗaya tak ka gwada. Ka kuma kasa kunne, ƙara guda gajera yawanci lafiya ce, sauran kuwa kar ka haddace su wai doka ce, ma'anarsu a BIOS ɗin kamfanin AMI daban a na Award daban, littafin madabod ɗinka za ka duba. Da yawa cikin sababbin madabod ma 'yan fitilu huɗu ke gare su, CPU ta furosesa, DRAM ta ram, VGA ta katin hoto, BOOT ta diskin tashi, wadda ta tsaya a kunne nan matsalar take.

In kuma kullum ka kunna agogo ya koma baya, saitin ya goge, batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Canza shi kawai.

Sai maganar yadda take gane kayan da ke jikinta, wanda ni a ganina nan ne ya fi amfani mutum ya iya. Duk na'urar da ke kan PCI, wato hanyar da katuna ke haɗuwa da madabod, tana ɗauke da lamba biyu, ta kamfani da ta samfuri, BIOS sai ya bi gurbi-gurbi yana tambaya, in amsa ta dawo FFFF to ba kowa a wurin. Intel lambarsu 8086 ce, sunan tsohuwar furosesarsu ta 1978 kenan, Nvidia 10DE, Realtek 10EC, katin hoton AMD kuma 1002. Ka ga ranar da ka sa sabuwar Windows wata na'ura ta fito da alamar rawaya ba suna, ba sai ka yi ta sauke direbobi barkatai ba, buɗe Device Manager, danna dama a kanta, Properties, Details, zaɓi Hardware Ids, za ka ga abu kamar VEN_10EC&DEV_8168, wannan katin netwok ɗin Realtek ne, lambar za ka nema kai tsaye. A Linux lspci -nn ne. Sunan madabod da sigar BIOS kuwa suna cikin teburin SMBIOS, inda BIOS ke ajiye bayanan kwamfutar, rubuta msinfo32 a Windows ko dmidecode a Linux ka gani ba tare da ka buɗe akwati ba.

Yanzu katsewa, wato yadda na'ura ke katse wa furosesa aiki don ta saurare ta. Furosesa ba ta zama tana leƙa kibod kowane lokaci ko an danna wani abu, a'a, kibod ɗin ne ke taɓo ta, ta ajiye abin da take yi, ta saurare shi, ta koma. Layukan taɓowar su ne IRQ, tun IBM AT ta 1984 guda 16 ne ta cif biyu na 8259, IRQ0 na mai ƙidayar lokaci mai bugawa kusan sau 18.2 a daƙiƙa, IRQ1 na kibod, IRQ12 na linzamin PS/2. A da kati biyu kan yi rigima a kan layi ɗaya sai ka zauna kana canza jamfa, 'yan maɗauran saiti da ke kan katin, da hannu, yanzu sababbin tsare-tsaren katsewa, APIC da MSI, sun raba gardamar. A tsohon BIOS akwai kuma katsewar da manhaja ke kira da kanta, INT 10h don sikirin, INT 13h don diski, INT 16h don kibod, duka ta wani tebur mai gurbi 256 a farkon ram. In kana son gani da idonka, a Linux rubuta cat /proc/interrupts sau biyu, layin da lambarsa ke tashi kamar hauka alhali ba ka yin komai, na'urar nan ko direbanta za ka tuhuma.

Mataki na ƙarshe neman diski. Tsohon BIOS bait 512 na farko yake ɗauka ya zuba a adireshin 7C00 na ram, in bai ga 55AA a ƙarshensu ba ya wuce na gaba. UEFI kuwa fayil yake nema a wani ɗan ɓangaren diski mai tsarin FAT32. Shi ya sa in ta ce maka ba ta ga abin tashi ba alhali diskin na nan lafiya, shiga saitin da Del ko F2, duba ko an kashe CSM, saitin da ke sa UEFI ya yi aiki irin na tsohon BIOS, don Windows ɗin da aka sa a tsohon tsarin diski na MBR ba za ta tashi a UEFI zalla ba, kunna shi, mayar da diskin saman jeri, danna F10 ka adana.