Adireshi biyu, kaya ɗaya: kurakuran masu sayarwa a gwanjon intanet

Na gaji da jin labari iri ɗaya daga bakin 'yan'uwanmu da suka fara sayar da kaya a eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, a nan Ingila. Ɗalibi ne ya sa tsohuwar kwamfutarsa a gwanjo, ko uwargida ta sa jakar da ta daina riƙewa. An yi ta tayi har lokaci ya cika, wani ya ci, ya biya. Ana cikin murna sai ga saƙo: "Don Allah kada ka aika can, na tashi daga gidan, ga sabon adireshi." Sai a ɗauki biro a rubuta sabon a jikin kwali, a kai gidan waya. Kafin wata ya zagayo a kira ni ana salati, babu kaya babu kuɗi.

Ku riƙe wannan kafin komai: adireshi ɗaya ne tak yake da daraja a cinikin nan, shi ne wanda ya fito a shafin oda lokacin da mai saye ya biya. Na cikin saƙo, na cikin imel, wanda aka karanto maka ta waya, duk ba su da mazauni ranar da rigima ta tashi. Ƙa'idar eBay ta ba mai saye kwana 30 bayan ranar ƙarshe da aka ƙiyasta kaya za su iso don ya yi ƙorafin bai karɓa ba, kai kuma kana da ranakun aiki 3 ka ba da amsa. Mai duba ƙorafin ba ya neman sanin ko kai mutumin kirki ne. Lambar bibiyar kaya, wadda kamfanin aike ke bayarwa don a san inda kwali ya kai, ita zai buɗe, ya ga inda ta ce an ajiye, ya kwatanta da gari da lambar unguwar da ke kan oda. In sun dace kana da kariya. In oda ta ce Leeds, bibiya ta ce Bristol, an gama magana, za a cire kuɗin daga asusunka a mayar wa mai saye.

Ni kaina da kyamara aka koya min wannan karatun, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Kyamara ce mai kyau da na daɗe ina tattali, tayin ya hau fiye da yadda na zata. Wanda ya ci gwanjon asusunsa tsoho ne, shaidar da masu sayarwa suka ba shi duk yabo ne. Ya biya nan take. Sai ya rubuto da ladabi irin wanda ke kashe jiki: kyauta ce ga ɗansa da ke jami'a a wani gari, ranar haihuwarsa ta kusa, in ta fara zuwa gida ba za ta riski ranar ba. Har da ba ni haƙurin wahalar da ni. Na naɗe ta da kyau, na cusa jarida a kowace kusurwar kwalin, na biya kuɗin aike mai sa hannu, na adana rasit. Bibiya ta nuna an karɓa, ga sa hannun wani a kai. Na ce alhamdulillahi, na kashe kuɗin.

Ashe asusun na sata ne. Mai shi na ainihi bai san an taya kyamara da sunansa ba sai da ya ga kuɗi sun fita daga katinsa, ya kai ƙara banki. Na tattara duk abin da nake da shi na tura: rasit, hoton kwali, sa hannu, saƙon da aka roƙe ni a ciki. Duk abin da na tura shaida ce a kaina, domin ta tabbatar na aika kaya inda oda ba ta ce ba. Ɗan damfarar bai fasa ƙofar kowa ba, ni na kai masa har gida, na kuma biya kuɗin mota.

Abin da ke cin mutanenmu a nan kara ce da kunya. An tashe mu a kasuwar da in dattijo ya ce a kai kaya shagon ƙaninsa, kai wa ake yi, ba a tambayar dalili. Amma a can ka san fuskarsa, ka san layinsu, in an samu matsala akwai shugaban kasuwa da zai zaunar da ku. A gwanjon intanet ba ka ma da tabbacin wanda ke rubuto maka shi ne mai asusun. Saboda haka ku daina jin nauyin cewa a'a. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, domin ƙa'idar shi ma tana kare shi. Wanda ya fara faɗa da barazanar ɓata maka suna don ka ƙi canja adireshi, ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne.

Ga yadda nake yi yanzu. In bai biya ba tukuna, abin da sauƙi: wanda ya ci gwanjo yana da kwana 4 ya biya, kuma a shafin biya yake zaɓar inda za a kai masa. Sai in ce ya sa sabon adireshin da hannunsa kafin ya danna. In kuwa ya riga ya biya, babu gyara sai sokewa. Ina soke odar, kuɗinsa su koma masa gaba ɗaya, in sake sa kayan a kan tsayayyen farashi daidai da abin da ya ci gwanjon a kai, in sa sharaɗin biya nan take, in gaya masa lokacin da zan sa don kada wani ya riga shi. Na san abin da ke sa mutane ƙin yin haka: gwanjo ya yi zafi, farashi ya hau, kana tsoron in ka soke mutumin ya tafi, ka sake sawa kayan su faɗi ƙasa. Hakan na faruwa. In ya tafi, akwai hanyar miƙa wa wanda ya zo na biyu tayin saye a kan farashin da ya taya. Rasa fam ashirin a tsakanin na ɗaya da na biyu ba ya kama ƙafar rasa kayan ɗungurungum.

Wajen sokewar ma ana tafka wani kuskuren. Za a nuna maka dalilai ka zaɓa, sai sabon shiga ya danna na farko da ya gani, wato kaya sun ƙare ko sun lalace. Wannan tabo ne a asusunka, in ya taru darajarka ta mai sayarwa ta sauka. Akwai dalilin da aka tanada musamman, na matsala da adireshin mai saye. Shi za ka zaɓa, kuma gaskiya ka faɗa.

Sai kuma waɗanda suka ji irin labarina suka wuce gona da iri, su ma sun ishe ni. Da sun ga adireshin da bai yi kama da gidan mutum ba sai su soke ciniki, har su kai ƙarar bawan Allah. Wani ƙanena ya taɓa kirana a firgice wai mai saye yana Italiya amma oda ta ce a aika Lichfield, ga wasu haruffa da lambobi a gaban sunan. To ai wannan cibiyar tattara kaya ce ta tsarin aikawa ƙasashen waje na eBay a Birtaniya. Kai naka ka isar da kwali can, su su ƙarasa da shi. Masu sayarwa a Amurka tasu tana jihar Illinois, a da tana Kentucky. Waɗannan haruffan da lambobin su ne ke nuna kwalin na wane ne, kuma mai rubuta adireshi da hannu shi ya fi yawan tsallake su don ya ga ba su da ma'ana. Ka buga takardar adireshi daga shafin oda ka manna, ka huta.

Haka nan kamfanonin da ke karɓar kaya a madadin mutum su tura masa ƙasarsa. Masu sayarwa a Amurka suna yawan ganin adireshin Delaware ko Oregon, jihohin da ba sa karɓar harajin saye, ko na kewayen Miami, alhali asusun mai saye na wata ƙasa ne. Da irin wannan hanyar 'yan'uwanmu da yawa a Najeriya da Gana suke sayen wayoyi da kayan gyaran mota, domin masu sayarwa da dama sun toshe aikawa ƙasashenmu kai tsaye saboda ɓarnar 'yan damfara. Yana min ciwo in ga Bahaushe ya soke cinikin mutumin kirki don kawai ya ga lambar akwati a wani sito. Muddin adireshin siton shi ne a kan oda, ka aika. Da bibiya ta nuna ya isa can, nauyin isarwa ya sauka daga kanka. Ba baƙuntar adireshi ake tsoro ba, bambancinsa da na oda ake tsoro.

Akwai wurin da ni da wasu tsofaffin hannu muka saɓa. In mai saye ya ce ya manta lambar ɗaki, amma gini ɗaya ne, titi ɗaya, lambar unguwa ɗaya, ni ina ƙarawa in aika, matuƙar ya rubuto ta cikin saƙon dandalin kuma kayan ba masu tsada ba ne. Wasu sun ce ko wasali ba sa taɓawa. Ban ce sun yi kuskure ba. In kayan sun kai kuɗin da zai hana ni barci, ni ma sokewa nake yi.

Sa hannu kuma ba ado ba ne. In jimillar oda ta kai fam 450 a Birtaniya, ko dala 750 a Amurka, bibiya kaɗai ba ta isa ba, sai da shaidar sa hannun wanda ya karɓa. A lissafa har da kuɗin aike. Na ga wanda ya sayar da waya mai tsada, ya aika adireshin da ya dace, ya ƙi ƙara 'yan fam kaɗan na aike mai sa hannu, ya zo yana rantsuwa ya bi ƙa'ida. Rabinta ka bi, ɗan'uwa.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Kada ka yarda a ja ka WhatsApp ko imel, duk maganar da ba ta cikin saƙon dandalin kamar ba a yi ta ba. Kada ka gaskata imel da ke cewa an biya kuma ga inda za ka aika. Buɗe manhajar da kanka ka gani, in babu oda da aka biya a can to babu ciniki. Tun da eBay ya raba gari da PayPal, kamfanin da a da ake biyan kuɗi ta hannunsa, a 2015, daga baya kuma ya koma karɓar kuɗi da kansa, mai sayarwa ba shi da dalilin neman adireshi a wani wuri dabam. Kada ka karɓi takardar aike da mai saye ya turo maka wai yana da rangwame a wani kamfani, domin wanda ya sayi takardar shi ke da ikon karkatar da kwalin. Kada kai ma ka kira kamfanin aike ka ce a juya kaya zuwa wani gida bayan sun bar hannunka. In mutum ya ce zai zo ya karɓa da kansa, ko zai turo wani, sai ya nuna lambar karɓa da manhajar ke ba shi ka shigar a wayarka kafin kaya su bar hannunka.

In kwali ya dawo maka don adireshin kan oda ba daidai ba ne, kada ka sake aikawa zuwa wanda za a ba ka a saƙo, nan ma ramin farko ne ka koma. Ka ɗauki hoton kwalin da tambarin dawowa a jikinsa kafin ka buɗe, ka daidaita da mai saye a kan mayar da kuɗi, in har yana son kayan ya sake saye da adireshin da ya gyara. Rasit ɗin gidan waya kuwa ina ajiye shi wata shida cur a cikin ambulan, da lambar oda a rubuce a bayansa, domin ƙarar da ke zuwa ta banki takan iso bayan watanni, lokacin da ka manta ma ka taɓa sayar da abin. Tawadar rasit tana gogewa da sauri, don haka ka ɗauki hotonsa tun kana bakin kanta.