Kurakuran da aka fi yi wajen kai salon haruffa daga wata kwamfuta zuwa wata

Takardar da aka buga da Word galibi ba ta tafiya da salon haruffan (wato font) da aka rubuta ta da shi, sunansa kaɗai take ɗauka. Idan ta sauka a wata kwamfuta, manhajar za ta nemi salon mai wannan suna, in kuwa ba ta same shi ba sai ta ɗauko wani ta saka ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Daga nan ne layuka suke zamewa, jadawali ya wargaje, takarda mai shafi goma ta koma sha ɗaya. Mafi yawan kurakuran da ake yi a wannan fanni daga rashin sanin wannan suke tasowa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa salon da suke gani a kwamfutarsu yana nan a kowace kwamfuta, alhali kowane tsari da nasa yake zuwa. Helvetica yana zuwa da Mac, amma Windows ba ta da shi, sai ta musanya shi da Arial. Calibri, wanda Word ya riƙe a matsayin salonsa na farko tun 2007 har Aptos ya karɓe shi a 2023, mallakar Microsoft ne, saboda haka ba a samunsa a Linux. Mai aiki da LibreOffice, manhajar rubutu irin ta Word, a kan Linux ya kamata ya saka Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, da dangin Liberation a madadin Arial da Times New Roman da Courier New, domin an ƙera su ne da faɗin haruffa iri ɗaya da na waɗancan, ta yadda ko siffar ta ɗan bambanta layuka za su tsaya inda suke.

Ga mai rubutu da Hausa kuwa, matsalar ta wuce zamewar layi, domin haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, su ne suke fara lalacewa. Salon da ba shi da su zai nuna ɗan akwati fanko a wurinsu, ko kuma manhajar ta aro su daga wani salo dabam, sai ka ga kalmar ƙasa ta fito da harafin farko siriri dogo, sauran ukun kuma masu kauri. Suna ɗaya ma ba ya tabbatar da komai, domin Times New Roman na zamanin Windows XP ba shi da waɗannan haruffa, wanda ya zo daga Windows Vista zuwa gaba kuma yana da su. Kafin a zaɓi salo don aikin Hausa, a buga ƙanana da manyan haruffan nan duka, a duba su a tsaye da a karkace da kuma masu kauri, saboda sau da yawa ana tarar da su a ɗaya a rasa su a ɗaya. Charis SIL da Doulos SIL da Gentium da Andika, na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, da kuma Noto na Google, duk suna ɗauke da su, kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda a raba su ga kowa. Mai rubutun ajami irin na Kano yana da Alkalami, shi ma daga SIL.

Akwai wani kuskure da ya fi wannan zurfi, kuma a ganina shi ya fi cancantar a kula da shi, domin yana taɓa rubuce-rubucen da aka tara shekara da shekaru. Kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa a kwamfuta, ya yaɗu, an yi dabarar ƙera salon da aka zana haruffan Hausa a gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba. Salon Rabi'at da salon Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, sun yi wa marubuta da gidajen jaridu babban amfani a lokacin da babu wata mafita. Sai dai abin da kwamfuta take adanawa a irin wannan rubutu alamar asali ce, salon ne kawai yake rufe ta, don haka da zarar an buɗe takardar a Mac ko a waya ko an liƙa ta a intanet, sai ka ga }asa da ]aya da ~arawo a maimakon ƙasa da ɗaya da ɓarawo. Kwafe tsohon salon zuwa sabuwar kwamfutar yana ɓoye matsalar ne kawai, tunda ko neman kalma aka yi a cikin rubutun ba za a same ta ba. Gyaran gaskiya shi ne a yi amfani da umarnin nema da musanyawa a mayar da kowace alama harafinta na Unicode, a yi ƙanana dabam manya dabam, a kuma lura kada a haɗa da baka-biyun da aka saka da gangan. Daga nan sai a koma buga rubutu da allon madannan Hausa da ke cikin Windows ko da manhajar Keyman.

Shi kansa fayil ɗin salon yana da nasa sharaɗin. TrueType, wanda Apple ya fitar a 1991, da OpenType na Microsoft da Adobe, su ne masu ƙarewa da .ttf da .otf, kuma suna aiki a Windows da Mac da Linux ba tare da an sauya musu komai ba. Tsofaffin fayilolin Mac kuwa suna ajiye bayanansu ne a wani ɓangare da Windows ba ta karantawa, shi ya sa ake kwafe su a filashi a tarar da nauyinsu sifili ne. Haka kuma .dfont na Mac ne kaɗai, .woff na shafukan intanet ne, PostScript Type 1 kuma Adobe ta daina tallafa masa tun Janairun 2023. Sauya wutsiyar sunan fayil zuwa .ttf ba ya mayar da shi TrueType. A nemi sabon fayil daga masu shi, ko a juya shi da manhaja irin FontForge idan lasisi ya yarda.

Wasu kuma suna kwafe fayil ɗaya su bar 'yan'uwansa, alhali mai kauri da mai karkata kowanne fayil ɗinsa dabam, sai manhajar ta ƙirƙiro na jabu marasa kyan gani. Ajiye fayil a kan tebirin kwamfuta ma ba saka shi ba ne. A Windows ana danna shi da maɓallin dama a zaɓi sakawa, a Mac ana bi ta Font Book, a Linux ana zuba shi a ~/.local/share/fonts sannan a ba da umarnin fc-cache. Bayan haka a rufe manhajar da ake aiki da ita a sake buɗe ta.

Idan aikin maɗaba'a za a kai, ko shagon da ake buga takardu, kada a miƙa fayil ɗin Word tsurarsa. A mayar da shi PDF, a buɗe bayanan fayil ɗin a tabbatar an cusa kowane salo a ciki. Word ma yana da zaɓin cusa salo a sashen adanawa, amma ba kowane salo ne mai shi ya yarda a cusa ba, kuma kwashe Calibri ko Helvetica a raba wa jama'a saɓa wa lasisi ne ko da kwamfuta ba ta hana ba. Masu zanen katin biki da fosta da CorelDRAW sun saba mayar da rubutu zane kafin su kai aiki, kuma hakan yana kare siffar haruffan sarai, sai dai a fara ajiye kwafin da rubutunsa yake gyaruwa, domin bayan an mayar da shi zane ba a iya buga gyaran sunan ango ko ranar ɗaurin aure a cikinsa, sai an sake rubuta layin daga farko.